Ruwan Baya a Cikin Kular Baba

Wuyanta ne ya fara ɗaukar idona. Ina kwance a tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gidanmu a unguwar Boutalbagar, littafi a hannuna, na kai daidai inda budurwar ta ɗaga kai ta wuce saurayin ko kallo bai ishe ta ba. Ina ɗagowa sai na ga 'yar Yayata zaune a bakin ƙofa ta yi irin wannan ɗaga kan, haɓa sama, ido a lumshe. Na ajiye mata tsokar soyayyen nama a cinya, abin da kullum take wawura tun kafin ya sauka, amma ko sunkuyawa ba ta yi ba. Na ce a raina, lallai yarinyar nan za ta yi aji, samarin unguwar nan sun shiga uku. Shekararta biyar a lokacin.

Sai da na taɓa goshinta na jefar da littafin. Zafin bazara ake yi irin wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu, amma jikinta ya fi ƙofar zafi. Na ce ta kalli ƙafarta, ta gwada, ta tsala ihu.

Yarinyar 'yar fari ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ne. Mun gaje ta daga mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, Bafulatana ce ta gaske, Yaya kuwa ta ɗauki kasonta ta haɗa da nawa. Ba ta kiran sunan yarinyar, ba ta ɗaukarta a gaban mutane, ba ta nuna ta san da zamanta a duniya. In ta kama dole sai ta ce "waccan" ko "'yar taki." Tun ranar yaye aka miƙo mini ita, ni nake mata wanka da kitso, a bayana take barci. Ni take kira Inna, uwarta kuma Yaya, yadda ta ji ina faɗa. A wannan bazarar mijin Yaya ya bi shanu zuwa Najeriya, wayarsa ba ta shiga, shi ya sa duk muna gidan Baba.

Na ce, "Yaya, wuyanta ya ƙage."

Tana tankaɗen gari, ba ta ɗago ba. Rariyar dai ta tsaya cak. Ta ce, "Ai sai ki kai 'yar taki asibiti. Me kike jira, in yi miki guɗa?"

Na goya ta na tare klando, wato ɗan acaɓanmu na nan. Muna hawa kwalta na waiga, sai ga Yaya a kan wani babur a bayanmu, mayafi a karkace, takalmi ƙafa ɗaya nata ƙafa ɗaya na Baba. Da muka sauka a ƙofar asibiti ta ce ita kasuwa za ta, hanya ce kawai ta haɗa mu.

Ni na san asibiti sosai, amma a littafi. Direbobin da ke zuwa daga Kano su suke kawo mana littattafan, mu yi ta ba juna aro har bango ya fita. A cikinsu asibiti wuri ne mai sanyi da ƙamshi, inda budurwa ke suma ta farka ta ga likita dogo, mai saje, yana duba agogo yana riƙe da hannunta. Likitar da muka samu mace ce, gajeriya, da silifas, idanunta sun yi ja don gajiya. Ta sa hannu a ƙeyar yarinyar ta ɗan ɗaga, yarinyar ta yi ƙara ta cafke zanina tana "Inna, Inna."

Likitar ta tambaya da Larabcin gari, "Wace ce uwarta?"

Yaya ta ƙura wa fankar sama ido kamar yau ta fara ganin fanka, sannan ta turo baki ta nuna ni. Ni kuwa ko zance ba a taɓa zuwa wurina ba, sai wani mai gyaran rediyo da ya taɓa sallama ya ga Baba da wuƙa ya ce ɓatan kai ya yi.

Likitar ta ce tana zargin sanƙarau ne. Za ta soka allura a ƙasan bayan yarinyar ta ɗebo ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa, a nan cutar take zama, a nan za a gan ta. Tana buƙatar yardata. Wata mata a gadon kusa ta yafuto ni ta raɗa mini cewa kada in yarda, a unguwarsu an cire wa wani yaro ruwan baya bai sake tafiya ba. Na dubi Yaya.

Yaya ta juya ta fuskanci bango, ta ce wa bangon, "In da ni ce mai 'ya, da tuni na ce a yi."

Aka yi. Aka kwantar da ita ta gefe, na naɗe ta kamar gammo, gwiwa a ƙirji, na danne da duk ƙarfina ina mata waƙar da ban san daga ina ta fito ba. Ruwan ya riƙa ɗiga cikin wata 'yar siririyar kwalba. Likitar ta ɗaga ta saitin taga ta ce ruwan mai lafiya garai-garai yake kamar ruwan sama, wannan kuwa ga shi nan kamar ruwan wankin shinkafa. Ba ta jira komai ba, nan take ta sa aka ɗaura ƙarin ruwa aka fara allurar magani. Sannan ta faɗi dokar ɗakin: uwa kaɗai ke zama, maƙwabta su tafi gida.

Yaya ta gyara mayafi ta fita. Ta zagaya bayan ginin, ta sami gindin tagar da gadon yake, ta zauna a ƙasa.

Ma'aikaciyar jinya ta danƙa mini kwalbar da 'yar takarda, ta ce in kai labo, ɗakin gwajin da ke can ƙarshen asibiti, in yi sauri, ita za ta kula da yarinyar. Ina fitowa na yi kiciɓis da Baba. Labari ya same shi a kasuwa, ya taho a babur ɗinsa yadda yake, riga da jini, shuɗiyar kularsa ta ƙanƙara ɗaure a baya. Baba mahauci ne, ubansa ma mahauci ne, kuma a duniya bayan Allah da Manzonsa babu abin da ya yarda da shi kamar ƙanƙara.

Muka isa labo muka tarar taga a rufe, an ce mai wurin ya je sallar azahar. Rana ta take. Baba ya dubi kwalbar a hannuna, ya dubi sama.

Ya ce, "Ke, a wannan ranar kike riƙe da abu a tafin hannu? Duk abin da ya fito daga jikin mai rai, in rana ta gan shi, kafin ki karanta Fatiha ya juya. Kawo nan."

Ya naɗe kwalbar a leda da ladabi, ya buɗe kula, ya ture wata hantar saniya gefe, ya binne ta a tsakiyar ƙanƙara, ya rufe, ya hau kai ya zauna. Na ji daɗi har raina. Na ce Allah ya bar mana Baba.

Mun ɗan jima kafin tagar ta buɗe. To a nan ne asibitin littafi ya iso. Ban ga fuskarsa ba, takunkumi ya rufe hanci da baki, amma na ga idanu, dara-dara, da gira kamar an zana da tozali, da farar riga wadda ko ƙuda bai taɓa sauka a kanta ba. Zuciyata ta buga dam. Kunya ta kama ni, don ga 'yata can kwance, amma zuciya ba ta san lokacin da ya dace ba, duk littattafan sun yarda da haka.

Ya miƙo hannu ya ce, "Ina ruwan?"

Baba ya tashi daga kan kula, ya buɗe ta da alfahari, ya zaro ledar tana hayaƙin sanyi. "Ga shi nan, ɗana. Sanyi ƙalau. Ko gobe ka buɗe lafiya lau za ka same shi."

Mai idanu ya karɓi kwalbar, ya juya ta, ya dafe kai da ɗaya hannun.

"Alhaji, me ka yi?"

"Na adana maka."

"Ka kashe mini su."

"Su wa?"

Ya fito ta ƙofa ya yi mana bayani, Larabci yana cakuɗa shi da Faransanci, ni ina mayar wa Baba inda ya ɓace. Ya ce ƙwayoyin sanƙarau a cikin jiki zakuna ne, amma da sun fito waje ba su da ƙarfin ko sauro, sanyi kaɗan ke gamawa da su. Shi kuwa da rai yake son su. Yakan shuka su a wani faranti su tsiro, ya gwada musu magunguna ya ga wanne suka fi tsoro. Yanzu ko ya shuka babu abin da zai fito.

Baba ya shafa gemu. Can ya ce, "To tsaya. Ka ce sanyi na kashe su?"

"Yana kashe su."

"Ashe na yi muku rabin aiki ke nan. Ita ma yarinyar me zai hana a samo ƙanƙara mai yawa..."

"Alhaji!"

"Tambaya na yi. Kai ma in ka zo rumfata ka ga abin da ba ka gane ba ai tambaya za ka yi."

Idanun nan suka ƙanƙance, na gane dariya yake yi a bayan takunkumi. Ya ce ba duka aka rasa ba, gawa ma ana gane ta. Ya shiga, ya shafa ɗigon ruwan a gilashi, ya yi masa rini, muna leƙe ta taga. Ya sunkuya a kan madubinsa mai girmama ƙananan abubuwa, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago babu sauran dariya a idanun.

Ya ce, "Madam, ke ce uwar yarinyar? Zo ki gani."

Madam. Kalmar ta sauka a kaina kamar taɓarya. Amma na shiga, na rufe ido ɗaya na leƙa.

Da farko haske kawai na gani. Sai suka fito, jajaye-jajaye, ƙanana kamar tsabar wake, kuma abin da ya ba ni mamaki, babu wanda yake shi kaɗai. Biyu-biyu suke, kowanne yana fuskantar abokinsa, goshi da goshi, kamar masu zance a ƙofar gida bayan la'asar. Na ce a raina, wato har cuta ta sami abokin zama, ni ina nan ana ce mini Madam a banza.

Na ce, "Suna da kyau."

Ya ce, "Suna da yawa."

Ya ɗan murɗa wani abu, filin ya gusa, wasu suka shigo. Ya sake murɗawa, wasu kuma. Ya ce irin zaman nan nasu na biyu-biyu shi ya gaya masa ko su wane ne, kuma maganin da likita ta fara shi ake ba irinsu. Amma yawan shi ne magana. A wani yaron sai ya yi ta yawo da madubi kafin ya ci karo da biyu ko huɗu. A ruwan 'yata duk inda ya juya cike yake. In suka yi yawa haka faɗan yakan yi tsawo, kuma ko an ci su, sukan yi ɓarna a hanyar fita. Wurin da suka fi taɓawa shi ne kunne.

Baba ya ce shi ma sai ya gani. Ya leƙa ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Wannan ai garke ne." Muka fito. Ya ɗaure kularsa a babur, igiyar na kuɓuce masa.

Na zagaya gindin taga na gaya wa Yaya duka, har da maganar kunne. Ta ce, "Allah ya ba masu shi lafiya." Ta ciro gyaɗa daga bakin zaninta ta fara ɓarewa. Na lura ɓawon take tarawa a cinya, ƙwayar tana zubarwa ƙasa.

Haka muka zauna, ni a ciki, ita a waje. Da sassafe take zuwa da kunu da tabarma, ta ce wa masu gadi inuwar wurin ce ta yi mata. Ba ta taɓa tambayata jikin yarinyar kai tsaye ba. Sai dai in ji murya ta taga: "Mutanen ciki sun tashi lafiya?" Ko kuma, "Wannan ta gadon bakin taga, na ji kamar ba ta yi tari ba yau." Matan ɗakin suka yi ta yaba mini. Wata ta ce ita ba ta taɓa ganin maƙwabciya irin tawa ba, in riƙe ta da kyau. Wata kuma ta ce in dai yi hankali, irin wannan shisshigin wani lokaci mijin mutum ake nema.

Ni kuwa tsakanin shafa wa yarinya ruwa da kallon ɗigon ƙarin ruwa, na gama rubuta littafina a kai. A cikinsa mai idanu ya gano ni ba matar kowa ba ce. Ya cire takunkumi. Ya zo gidanmu da mota, Baba ya ajiye wuƙa. Abu ɗaya ya tsare labarin, kalmar nan ta Madam. Kullum in na wuce ta gaban labo, kuma nakan sami dalilin wucewa, sai ya ɗago hannu ya ce, "Madam, ya mai jiki? Maigida ya dawo?"

Na je na durƙusa gaban Yaya. Na ce, "Yaya, don Allah ki bari in gaya musu gaskiya. Ke ki shiga ki zauna da 'yarki, ni kuma in koma budurwata."

Ta ce, "'Yar wa?"

"Yaya, asibiti ne fa. Babu wanda ya san mu."

"Ni na san mu. Ki buɗe baki ki gani."

Da ma a ce zazzaɓin ya sauka, da abin ya tsaya a nan. Bai sauka ba. Yarinyar ba ta gane kowa, haske na sa ta kuka, wuyan na nan a sanƙare. Likitar ta zo ta tsaya a kanta tana taɓe baki. Ta ce tunda ba a sami shuka na farkon ba, ba ta da tabbacin maganin na cin su yadda ya kamata. Tana so ta sake ɗiban ruwan a ga ko garken ya ragu. In bai ragu ba za ta canza magani. Ta ce, "Uwar yarinya, kin yarda?" Kafin in buɗe baki aka yi gyaran murya daga taga. Na ce na yarda.

Wannan karon mai labo da kansa ya aiko da saƙo: ba sanyi, ba jira, a kawo shi da ɗuminsa. Baba ya ji saƙon. Ina fitowa da kwalbar na same shi a bakin ƙofa, babu kula, ya ci wanka ya sa farar riga, a hannunsa fulas ɗin shayi, ya buɗe murfin tururi na tashi.

Ya ce, "Jefa a nan. Ɗumi suka ce."

"Baba, wannan ai dafa su za ka yi."

"Ka sa a sanyi a ce ka kashe, ka sa a zafi a ce ka dafa. Wace irin dabba ce wannan da ba ta da makama?"

Muna cikin haka sai na ji an fizge kwalbar daga hannuna. Yaya ce. Ban ga tasowarta ba. Ta cusa kwalbar cikin rigarta, ta danne ta a ƙirji da tafin hannu, ta kama hanya. Matar da ko gobara ake yi ba ta ɗaga ƙafa, yau ga ta tana tsallake kwata. Na bi ta da gudu, Baba na bina da fulas.

Na ce, "Yaya, mutane na kallo!"

Ba ta waigo ba ta ce, "Su kalla. Ruwa ne. An taɓa jin kunyar ruwa?"

A tagar labo ta zaro kwalbar ta miƙa da hannu biyu. Mai idanu ya karɓa, ya ji ɗuminta a tafinsa. Ya dubi Yaya, wadda numfashinta ke fita da ƙyar, ya dube ni. Ya yi aiki a garin nan ya san mutanenmu. Ya ce, "To." Sannan ya ce wa Yaya, "Madam, zauna a nan, ba zan daɗe ba." Ni kuma ya ce mini, "Madmazel, ba ta kujerar."

Madmazel! Wato budurwa da Faransanci. Da ba don halin da ake ciki ba da na yi rawa a wurin.

Ya yi rininsa, ya sunkuya. Ya murɗa, ya murɗa, ya sake murɗawa. Yaya ta kama gefen kujera. Can ya ɗago ya ce a zo a gani. Yaya ta ce ita ba ta iya kallon irin waɗannan abubuwa ba, 'yar mutane ce dai take tausayi. Ni na leƙa. Fili fetal, sai tarkacen yaƙi. Na yi ta nema, can a gefe na ga biyu sun raɓe da juna, su ma duk sun kwanta. Ya ce maganin yana ci, zazzaɓin zai bi baya, a ci gaba da shi kada a fasa ko allura ɗaya. Baba ya ce Alhamdu lillahi da ƙarfi, ya zuba wa kowa shayi a murfin fulas, har da wani mutum da ya kawo fitsari gwaji.

Kamar yadda ya faɗa, zazzaɓin ya bi baya. Wuyan ya saki kaɗan-kaɗan. Ranar da yarinyar ta ce tana son nama, matan ɗakin suka yi guɗa har likita ta leƙo ta yi faɗa.

A ranar ne da la'asar mai labo ya tare ni a baranda. Ya ce, "Madmazel, akwai maganar da nake so in yi miki, amma ina jin nauyi." Ya sa hannu ya sauke takunkumin. Ba laifi. Hancin bai kai na littafi ba, kuma akwai furfura a gemun, amma na yafe nan take. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin mayafi yadda ake yi.

Ya ce, "Hantar nan da na gani a kular babanki."

Na ce, "Na'am?"

"Ban taɓa ganin mai kyau irinta ba. Matata na da juna biyu, jininta ya yi ƙasa. Ko zai riƙa ajiye mini ranar Juma'a? A unguwar Kabalaye nake, zan biyo in karɓa."

Na ce zan gaya masa. Na gaya masa kuwa. Baba ya ji daɗi ƙwarai, ya ce da ma ya san yaron yana da hankali, ƙanƙara ce kawai bai fahimta ba.

Saura kunne. Likitar ta ce kafin sallama za a tura mu wurin masu gwajin ji, amma Baba bai iya jira ba. Ya lallaɓo bayan gadon da wuƙa da magagari ya goga su ta hagunta, ƙarar da ko karen unguwa ya sani. Yarinyar na wasa da ledar biskit, ba ta juyo ba. Ya sake. Ba ta juyo ba. Ma'aikaciyar jinya ta gan shi da wuƙa a ɗakin yara ta kore shi, ya fita ba gardama, abin da ban taɓa gani ba.

Ina tsaye ban san abin yi ba sai ga Yaya a bakin ƙofa. Ta shigo ɗakin da ba ta taka ba tun ranar farko. Ta ce mini, "Je ki ɗebo ruwa." Buta cike take, amma na ɗauka na fita. Na zagaya na zauna a gindin tagarta, a kan gyaɗar da ta zubar.

Na ji ta ja labulen gadon. Sannan, a hankali, na ji ta kira sunan. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, har ya yi mini kamar sabon suna. Ta hagu ta kira, don na ga inuwarta a labule. Babu amsa. Ta sake, da ɗan ƙarfi. Babu amsa. Inuwar ta daɗe a tsaye. Sai ta zagaya ta dama, ta sunkuya, ta kira.

Muryar yarinyar ta fito, a shaƙe amma sarai: "Yaya, ashe kin san sunana?"

Abin da ya biyo baya ban ji da kyau ba, don ni ma hancina ya toshe. Da na koma da butar na tarar Yaya zaune nesa da gadon tana kallon fanka, idanunta jajur. Ta ce, "'Yar taki tana ji ta dama. Kin daɗe a wurin ruwan."

Masu gwaji sun tabbatar da abin da ta riga ta gano. Kunnen hagu ya tafi, na dama lafiya lau. Likitar ta ce da irin yawan da aka gani a ruwan farko, mu gode wa Allah, kuma mun gode.

Yanzu yarinyar ta zama budurwa, ta fi ni tsawo. Iyayenta sun yi gini a Gassi, can bayan gari, kullum sai ta yi doguwar tafiya a motar haya zuwa makaranta a cikin gari. Ta san kujerarta: inda kunnen hagu zai fuskanci masu gardamar siyasa, na dama kuma taga. Ta ce duk motar ita kaɗai ke sauka ba ciwon kai. A gida ma haka take da masu zuwa zance. Wanda bai yi mata ba sai ta shimfiɗa masa tabarma ta hagu, ya yi ta zuba kalamai har magariba tana gyaɗa kai tana tunanin jarrabawa. Na ga an yi wa wani mai shagon waya haka, na tausaya masa, don kalamansa ba laifi, ina jin su daga madafa.

Kwanan baya na je musu yini sai ga wani ya yi sallama, siriri, ɗan ajinsu, takalminsa duk ƙura. Ta shimfiɗa masa ta hagu. Ya zauna, ya yi magana kaɗan, ya dube ta. Sai ya tashi, ya naɗe tabarmar da kansa, ya zagaya ya shimfiɗa ta dama. Ba ta hana shi ba. Uwarta ta ce ita ba ta ga komai ba, ba ta ma san wa ake magana a kai ba. Ni dai na riga na zaɓi atamfar anko.